Wa Ya Gaya Mata Ba Ka Cin Albasa?

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, raɓar da ke sauka a kan zuciyata tun kafin rana ta buɗe ido. Zuwa ga farin watan da nake ɗaga kai in nema ko da hadari ya rufe sama. Zuwa gare ka, Mai Fensirina, wanda saura wata uku in zama matarsa, in Allah ya kai mu, in kuma har yanzu yana so.

Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Ina fatan kana lafiya, kana ci, kana sha, kana dariya. Ci da sha kam na san kana yi, don da idona na gani. Dariyar ma na ji ta, ta ratso bango ta same ni har bakin murhu. Lafiyar kaɗai nake tambaya, tunda yau kwana huɗu rabona da muryarka, sai ɗan guntun saƙon da ka turo cewa za mu yi magana. Na jira maganar har jira ya gaji da ni. To, bari ni in fara. Ina zaune a kan buhun fulawa a bayan kicin, lokacin hutun rana, na ɗora takardar nan a kan farantin gashi. In ka ga fari-fari a gefenta ka yi haƙuri, ka san hannun mai gasa burodi ba ya rabuwa da gari.

Ka tuna shekara biyu da suka wuce, ya abin begena? Lokacin kana neman aiki, kullum da safe sai ka shigo gidan shayin nan namu, ka nufi teburin lungu mai gajeriyar ƙafa, ka ninke takarda ka tokare shi, ka baza zanen gidajen da babu wanda ya sa ka. Fensir a bayan kunne, kofin shayi ɗaya ya kai ka har azahar. Ni kuwa ina leƙenka ta 'yar tagar da muke miƙa abinci, ina ƙona hannuna saboda kallonka. Sai ranar ruwan nan mai iska, wuta ta ɗauke, kowa ya watse, kai kaɗai ka rage don kada zanenka ya jiƙe. Na fito da burodi da zafinsa, na yanko maka gefe, na shafa bota da zuma. Ka kai hannu da gaggawa, ya ƙone ka, ka riƙa jefa shi daga wannan tafin zuwa wancan kana hurawa kamar ƙaramin yaro. Da ka ci, ka ce duk wanda ya gasa wannan ya cancanci a gina masa gida mai taga goma sha biyu. Na ce ai ga ta a gabanka. Ka zaro fensir, ka juya takardar jerin abinci, ka zana gidan nan take, har da kicin mai fuskantar gabas don rana ta riƙa gaishe ni. Wayyo ranar nan! Ruwa yana dukan kwano, zuciyata tana dukan ƙirji, ban san wanne ya fi ƙara ba. Shin akwai macen da aka taɓa ba wa gida a bayan takardar shayi ta ji daɗin da na ji? Shin akwai tsuntsuwar da ta taɓa ganin reshe ta amince da shi kamar yadda na amince da kai?

Da ka sami aiki a ofishin masu zanen gine-gine, wa ya kai ni murna? Ni na zaɓa maka rigar da ka sa ranar farko. Ni na raba kek ga duk ma'aikatanmu, har mai wanke-wanke ta ce ko an sa ranar ne ba a gaya mata ba. Bayan 'yan watanni sai ka zo da sabon salo. Kowace Asabar, kai da abokan aikinka, ku zaɓi gidan shayi guda a cikin gari, ku je irin karin kumallon nan na masu hutu, wanda ake farawa da hantsi a tashi bayan azahar, ya haɗe safe da rana a faranti ɗaya. Ka ce mini ku huɗu ne, maza zalla: kai, da Dogo, da Mai Gilashi, da wanda kuke kira Sarkin Surutu. Ka ce ba komai a teburin sai maganar aiki da gardamar ƙwallo. Asabar ita kaɗai ce ranar hutuna, ita kaɗai muke da ita ni da kai, amma na ce je ka, rabin raina, namiji ba abokai ai itace ne ba ganye. Na ba ka safiyata da hannu bibbiyu, na riƙe yamma.

Kun zaga gari kuwa! Kun je mai rufin gilashi, kun je na saman bene da ake hango gada, kun je na kusa da tashar jirgin ƙasa inda ake kawo gahawa a 'yan kofuna kamar na wasan yara. Kowace yamma ka zo ka zayyana mini: can ƙwansu ya yi ruwa, can sun cika madara, can lemon da suka matse ya yi tsami. Kullum ka rufe da cewa burodinsu bai kama ƙafar nawa ba. In yi dariya, in ji kaina ya yi girma. Sai wata rana na ce, to yaushe za ka kawo su namu? Ka ce Sarkin Surutu ba ya son ƙaramin wuri. Da na sake tambaya, ka ce babu wajen ajiye mota a layinmu. Karo na uku ka ce ba ka so in ji labarin kuna can in fasa hutuna. Tambaya ɗaya, uzuri uku! Mai gaskiya uzuri ɗaya gare shi, masoyina, shi yake ta maimaitawa har a gaji da ji.

Abin da ka manta shi ne, mu ma'aikatan gidajen shayi kamar tururuwa muke, kowane rami ya san abin da aka kai ramin ɗan'uwansa. 'Yar gwaggona tana kai abinci a na saman benen nan. Ita ta ce mini ba ku huɗu ba ne, ku biyar ne, ta biyar ɗin mace ce, mai jar jaka, mai magana a hankali kowa ya yi shiru ya saurara. Na ce mata zato zunubi ne. Na ce ƙila 'yar'uwar wani ce ta biyo hanya. Amma da na koma gida na buɗe hotunan da kake turo mini, sai na ga abin da so ya hana ni gani: ku huɗu cif a kowane hoto, kowa da hannuwansa biyu a kan tebur. To wa ya riƙe wayar? A ɗaya ma ga kujera ta biyar an ja ta baya, ga kofi a gabanta da shayi rabi. Kujera ce ke shan shayi, ko aljanu kuke gayyata?

Da na tambaye ka, ka sosa bayan kunne, daidai inda fensir ke zama, yadda kake yi duk lokacin da magana ta tsaya maka a wuya. Ka ce ai wadda Dogo zai aura ce, mantawa ka yi ba ka gaya mini ba. Na yarda. Wallahi na yarda, na ma ji kunyar kaina! Har ranar Alhamis da yayar Dogo ta zo sayen burodi kamar yadda ta saba, na leƙo na yi mata barka, na ce Allah ya sanya alheri. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Wane alherin? Dogo ko budurwa ba shi da ita, mu ma addu'a muke ta yi." Na yi murmushi na ce na rikita shi da wani ne. Na koma ciki na murza fulawar ranar da ƙarfin da sai da abokiyar aikina ta ce in tausaya wa teburin.

Duk da haka ban tayar maka da maganar ba, ya taurarona. Na ce ruwa ba ya tsami banza, amma ƙila tsamin a bakina yake. Sai daren Juma'a, muna waya, ka tambaye ni gobe ina hutu ko. Na ce e. Muka yi wata hira, har za mu yi sallama, ka sake cewa, gobe dai ba za ki shiga aiki ba ko? Na ce e, gida zan wuni da Mama. Kuma gaskiya na faɗa maka. Da asuba manaja ya kira ni, naƙuda ta kama abokiyar aikina kafin lokaci, babu mai tsayawa a murhu. Na sa kaya na tafi. Ban gaya maka ba, ba don na ɗana maka tarko ba, hannuna ne yana cikin kwaɓi tun kafin gari ya waye. Allah ne ya ɗana, ni dai an aike ni ne kawai.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wuri ya cika maƙil, cokula suna ta ƙara, injin gahawa yana huci, ni ina tsakanin murhun burodi da kaskon ƙwai. Sai aka miƙo 'yar takardar tebur na shida. Na karanta: wainar ƙwai, ban da albasa, a ƙara barkono, a soya ta har gefenta ya yi ja, shayi, rabin cokalin sukari, madara a gefe. Ban ga fuskarka ba, ban ji muryarka ba, amma da an jera mini takarda dubu da na tsamo taka. Uwar Tebur, babbar mai kai abincinmu, wadda ta san ka tun zamanin teburin lungu, ta shigo ta tsaya a kaina ta rage murya ta ce, "Mutuminki ne. Ya gaishe ni kamar yau ya fara ganina. Kuma ba shi ya faɗi abin da zai ci ba, ita ta faɗa."

Ita ta faɗa! Na leƙa ta tagar. Ga ka, ka ba kicin baya, ka sunkuyar da kafaɗa kamar mai gudun ruwa. Ga Mai Jar Jaka a damanka, kusa har hannun rigarta yana taɓa naka. Dogo kuwa, angon da ka ɗaura wa aure da bakinka, yana can ƙarshen tebur yana danna waya, ko kallonta ba ya yi. Daga baya na ji ita ta zaɓi wurinmu, wai an gaya mata babu burodi irin namu a garin nan. Kai kuma ba ka da uzuri na huɗu, shi ya sa ka tambaye ni sau biyu.

Zan gaya maka laifina, don ba na so in zo gabanka da ƙura a hannu. Kwanon yankakkiyar albasa yana nan kusa da yatsuna. Zuciya ta ce in ɗebi tafi guda in watsa, in ga yadda za ka yi da ita a gabanta. Har na kai hannu. Sai na kasa. Na soya maka ita yadda kake so, gefenta ja, cikinta laushi, na yanka burodin da ya fi kowane kyau. Na ce wa Uwar Tebur ta bari, ni zan kai. Ban cire hular aiki ba, ban kakkaɓe garin da ke hannuna ba, don ban taɓa ɗaukar su abin kunya ba. Na ratsa tsakanin tebura, na ajiye farantin a gabanka. Ka ɗago. Cokali ya suɓuce maka ya faɗi ƙasa, ka miƙe rabi ka tsaya, ba ka zauna ba, ba ka tashi ba. Ita kuwa ta dube ni da fara'a, ta ce ashe ni ce mai wannan burodin, Allah ya yi wa hannuna albarka. Sannan ta dube ka, ta dube ni, ta ce ko mun san juna ne. Na bar maka filin. Ka buɗe baki ka ce, "'Yar unguwarmu ce."

'Yar unguwarmu! Ni? Ni da ka kira zumarka, inuwarka, gaɓar da jirginka ke hutawa? Ni da ka durƙusa gaban mahaifina har gwiwarka ta yi sanyi kana neman a ba ka? Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Da ka mare ni da ya fi mini sauƙi, don mari yana sauka a kunci, wannan kuwa ya sauka inda hannu ba ya kaiwa a shafa. Mai Gilashi ya duƙar da kai cikin farantinsa, don shi ya raka ka gidanmu, ya san ko ni wace ce. Sarkin Surutu, wanda ka ce ko a barci magana yake, ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Na ce ku ci lafiya. Na juya. Ban yi gudu ba, ban yi kuka ba sai da na kai bayan buhunan nan da nake zaune a kansu yanzu. Burodi faranti biyu suka ƙone ranar, karo na farko tun da na fara aiki.

Tun daga lokacin macizai biyu ke kwance a ƙirjina, ban san wanda ya sare ni ba. Na farko yana cewa sonta kake yi. Yana tambayata, wa ya gaya mata ba ka cin albasa? Ni sai da na yi wata huɗu kafin in gane, kana ci daga hannuna kana tsince ta a ɓoye kana turawa gefen faranti don kada raina ya ɓaci. Ita a Asabar nawa ta haddace ka, har da rabin cokali, har da madara a gefe? Mace ba ta riƙe irin wannan sai ga wanda take kallo, kuma ba ta faɗarsa a bainar jama'a sai an ba ta fuska. Na biyu kuma yana cewa a'a, ba so ba ne, kunya ce. Uwar Tebur ta ji Dogo yana kiranta shugaba, ta ce da alama ita ce babba a sashenku. In haka ne, to ka dubi teburin masu takardu da agoguna, ka dubi mai hula da gari har gwiwar hannu, ka ga ba mu dace da faranti ɗaya ba. Kuma abin da ya fi rikita ni shi ne murmushinta. Ba na mai cin amana ba ne. Murmushin wadda ba ta taɓa jin labarina ba ne, ko sau ɗaya, a duk Asabar ɗin nan da na ba ka.

Ka ga, har uzuri na nema maka, ya sanyin idona. Na ce ƙila mai lura ce kawai, ta ji kana faɗa sau tara ta riƙe. Na ce ƙila ka ƙirƙiro auren Dogo ne don kada in yi kishin banza. Na ce ƙila tsoro ne ya kama ka, sabon ma'aikaci a gaban shugabarsa, harshe ya zame. Kowace ƙofa na samo mata mabuɗi, sai wannan ɗaya: me ya hana ka biyo ni kicin? Taku goma ne. Ka san hanyar. Me ya hana ka dawo da yamma? Me ya hana ka kira? Ciki da gaskiya ai wuƙa ba ta huda shi, to kai me kake tsoro har kwana huɗu?

Ban gaya wa kowa a gida ba. Mama tana can tana ɗinka labulen ɗakinmu, kullum sai ta ɗaga shi ta ce in duba ko tsayin ya yi. Da ta ga idona ya yi ja ta tambaye ni, na ce mata albasa ce. Ban ma yi ƙarya ba. Yayana da ya ji da tuni yana bakin ofishinku, kuma ka san shi, ba ya iya magana a hankali. Na rufa maka asiri, domin har yanzu, wayyo ni, har yanzu in na ji takun da ya yi kama da naka a layinmu sai zuciyata ta tashi tsaye kamar ciyawar da ta ji iska. Wace irin zuciya ce wannan, da ake musunta ta a gaban mutane ta koma tana share wa mai musun hanya?

Ga roƙona, kuma shi kaɗai ne. Ban ce ka rabu da abokanka ba. Ban ce ka daina zaga gidajen shayi ba, ka zaga har ka ƙure garin. Ban ma ce ka daina zama kusa da ita ba, in dai zaman aiki ne. Na karɓi hutun wannan Asabar, manaja ya yarda ko sama za ta faɗo ba zai kira ni ba. Ka turo mini sunan wurin da za ku je da lokacin. Zan yi wanka, in sa mafi kyawun kayana, in zo. Tabon ƙuna da ke hannuwana dai ba ya wankuwa, da shi zan zo, kuma ba zan ɓoye shi a ƙarƙashin tebur ba. Ka ja mini kujera ta shida. Ka miƙe tsaye, miƙewa sosai ba rabi ba, ka gaya musu ko ni wace ce, da bakinka, tana ji. In kuwa zuciyarka ce ta ƙaura, ka faɗa mini kai tsaye, zan yi kuka in gaji in rayu, don gara ɗacin gaskiya da zaƙin da ake haɗiya da tsoro. In har rana ta faɗi ranar Juma'a ban ga saƙonka ba, shirun ma magana ce, na ji ta. Ni da kaina zan je wa mahaifina in ce a dakatar da maganar, kuma ba zan tona ka ba, zan ce ni ce na canza ra'ayi. Wannan ce kyautar ƙarshe da zan iya yi maka.

Amma kada ka bari a kai can, hasken raina. Kada ka bari! Ni ban taɓa raba zuciyata biyu ba, ban taɓa ajiye wani a gefe don ranar da za ka gaza ba. In kogi zai juya ya koma tudu, in rana za ta manta gabas, to ni ma zan iya manta ka. Ko aka tambaye ni a kasuwa, ko a gaban manya, ko a gaban wanda ya fi ka komai, amsata ɗaya ce, ba na sosa kunne kafin in ba da ita.

Taka a ɓoye, taka a sarari, taka har ƙasa ta rufe idona. Ni na faɗa da ƙarfi. Saura kai.

Mai gasa burodinka